Bencin Kafinta da Kundin Darakta

Shekara talatin da biyar Malam ya yi yana koyarwa, kuma a cikinsu babu ranar da aka rufe ƙofar makaranta yana waje. Wannan ya kamata a fara sani, don a gane girman abin da ƙanin matarsa ya yi masa.

Ƙanin matar nan Darakta ake ce masa. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya buga wa kansa kati ya rubuta hakan, aka bar shi da abinsa. Ya taɓa sayar da agogon bango, ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa buɗe wurin wankin mota a layin da mutum ɗaya ne ke da mota, shi ma a gida yake wanke tasa. Duk sun rushe, kuma a bakinsa laifin masu saye ne, don ba su iya saye ba. Daga baya ya halarci wata bita ta kwana biyu, ya dawo da takardar shaida da jaka mai zif, ya ce yanzu kam asirin ciniki yana tafin hannunsa.

Shi kuma Malam yana da ƙane kafinta, mutumin da in ya yi magana goma a yini to an matsa masa. Hannunsa kuwa sai wanda ya gani: bencin da ya haɗa, sai dai yaro ya girma ya bar shi. Amma aiki ya ja baya, zarto ya yi wata biyu a rataye, har Kafinta ya fara zancen rufe shagon ya nemi gadi. Abin da ya sa ke nan Malam, wanda bai taɓa roƙon kowa alfarma ba, ya sa hularsa ya je wurin wata tsohuwar ɗalibarsa, Hajiya mai makaranta. Shi har gobe 'Yar Gaba yake ce mata, saboda a bencin gaba take zama. Ta gina sababbin azuzuwa, tana neman benci mai haɗe da tebur guda ɗari da ashirin. Malam ya ce mata ya ba ta maganarsa a kan aikin ƙanensa. Ta ce a kawo samfur ranar Litinin, ƙarfe takwas saura kwata.

Kuskuren Malam ɗaya ne: ya ba da labarin a gida, ana cin abinci, Darakta yana zaune.

Darakta ya ajiye cokali. Ya ce ciniki irin wannan ba a shigarsa da ka, sai da kundi. Ya ce manyan kamfanoni ba sa ko gaisawa da mai saye sai sun duba shafi. Malam ya ce ba a nemi kundi ba, benci aka nema. Matar Malam ta sa baki, ta ce ɗan'uwanta ne, a bar shi ya gwada, ko baki ya ara wa Kafinta tunda shi nasa ado ne. Aka dubi Kafinta, ya gyaɗa kai, don gyaɗa kai ya fi masa sauƙi da musu.

Bayan kwana uku sai ga kundi, shafi sittin da huɗu, an yi masa bango mai ƙyalli. A jikin bangon an rubuta: “Matakai Arba'in na Kama Mai Saye.” A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe: “Malam, tsohon hedimasta, ya duba ya amince.” Malam bai taɓa ganinsa ba sai a lokacin. Kafin ya gama salati aka gaya masa an riga an buga kwafi talatin an raba a unguwa, har mai aski da tela sun samu.

Ya zauna da jan biro. Ya fitar da kuskure ɗari biyu da goma sha biyu, ban da shafi na sha tara da aka buga a kife. Amma ba wannan ya fi damunsa ba. Ya lura duk babin da ya buɗe da magana ɗaya yake farawa: idan mai saye ya ce a'a. Ya kira Darakta ya tambaye shi, to in ta ce ta yarda fa?

Darakta ya yi dariya har da dafa kafaɗar Malam.

“Malam, kai alli ka sani, ni mutane na sani. Ba a haifi mai sayen da zai yarda a karon farko ba. Sai ya ƙi sau uku. Na ukun nan, a nan ake kama shi.”

“Sauke hannunka daga kafaɗata,” in ji Malam.

Ranar Asabar aka yi gwaji a tsakar gidan Malam. Da Malam ya dawo daga kasuwa ya tarar an fito da allonsa, wanda ya taho da shi daga ajinsa na ƙarshe, an jingine shi da bango, Darakta ya zana wani ƙaton mazurari a kai. Ya ce ta sama masu saye ke shiga, ta ƙasa kwangila ke fita. Malam ya ɗauki tsumma ya goga, zanen bai motsa ba. Ashe da fentin Kafinta aka yi shi, wai alli ba ya nuna ƙarfin zuciya.

Mai aski aka sa ya zama Hajiya. Ya yafa tawul a ka, ya zauna a kujera yana fifita da kundi. Tela da maƙwabta uku suka leƙo ta katanga. Aka ajiye samfurin benci a tsakiya, an goge shi yana sheƙi. Darakta ya fita waje, ya yi sallama, ya shigo da taku ɗaiɗai, ya fara mataki na ɗaya, wato yabon ginin mai saye. Mai aski ya dubi benci, ya shafa, ya ce ya saya.

Darakta ya ce ba haka aka rubuta ba, ya duba shafi na bakwai. Mai aski ya ce shi dai benci ya yi masa, in da hali ma a yi masa biyu na masu jiran aski. Darakta ya ce ai shi ba mai aski ba ne yanzu, Hajiya ce. Mai aski ya ce to Hajiyar ma ta saya. Tela ya ce daga kan katanga, wannan Hajiyar ba ta je bita ba, a yi mata uzuri.

Aka tuɓe wa mai aski tawul aka kira matar Malam. Ita tambaya ɗaya ta yi: nawa ne guda? Darakta ya ce farashi sai mataki na talatin da ɗaya. Ta ce yanzu ana na nawa? Ya ce na shida. Ta ce to in an kai a aiko mata, tukunyarta na kan wuta. Darakta ya juya ga 'yan kallo ya ce su shaida, wannan shi ne ƙi na farko, kuma kundi ya faɗa tun kafin ya faru.

Daga nan ya karanta dokokin ranar taro. Doka ta huɗu: mai sana'a ba ya magana a gaban mai saye, kuma duk lokacin da Darakta ya ja kunnensa na dama, kowa ya yi shiru. Doka ta tara: a makara da minti ashirin, don mai saye ya san ana da wasu harkokin. Doka ta sha bakwai: kada mai saye ya ga guduma ko kusa, kamar yadda ba a kai baƙo madafa. Doka ta ashirin da biyu: jagoran ciniki ya sa kwat. Malam ya ce doka ta tara sai dai bayan ransa. Darakta ya ce za a duba. Ta ashirin da biyu kuwa ba a ma tambaye shi ba, don da gari ya waye ranar Litinin ya ga kwat ɗin da malamai suka haɗa suka saya masa ranar da ya ajiye aiki tana jikin Darakta, maɓallin tsakiya yana neman agaji.

Kafinta ya shirya akori-kura da za ta ɗauki benci a haɗe. Darakta ya sallame ta, ya ce babban ɗan kasuwa ba ya isa wurin taro a motar itace. Ya kira ƙaramar tasi. Benci ya ƙi shiga ta gaba, ya ƙi ta baya. Dole Kafinta ya kwance shi, ya zare kusoshin ya zuba a aljihu, da niyyar in an isa ya mayar cikin minti goma. Aka cusa ƙafafun bencin a but ɗin motar. Dogon katakon zama kuwa aka zura shi ta taga, ya bi ta kan cinyar Malam, ya fita ta ɗaya tagar.

Ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar suka iso kwanar makarantar. Darakta ya ce direba ya tsaya bayan wani kanti. Malam ya ce a wuce. Darakta ya ja kunne. Malam ya ce ya ja har ya tsinke, shi fita zai yi ya taka da ƙafa. Ya murɗa ƙofa, katako ya tokare ta. Ya gwada ɗagawa, katako ya danne shi. Haka ya zauna minti arba'in da allon zama a cinya, yana kallon agogonsa yana cin lokacin da ya yi wa 'Yar Gaba alkawari, shi kuwa Darakta yana gaba yana bitar mataki na goma sha ɗaya a madubi.

Takwas da minti biyar suka isa. Ƙofa a rufe. Maigadi ya leƙo ya ce dokar Hajiya ce, duk wanda ya makara, ko wane ne, sai an tashi daga taron safe. Ya ƙara da cewa ta ce wurin wani malaminta ta koya, mutum ne da ba ya wasa da lokaci. Malam ya koma gefe. Ya tsaya a jikin katanga cikin ɗalibai goma sha ɗaya da suka makara, da iyaye biyar da suka kawo su. Wata 'yar ƙarama mai jan jaka ta ɗaga kai ta dube shi.

“Baba, kai ma barci ka yi?”

Darakta ya raɗa wa Kafinta cewa dabara ta fara aiki, yanzu Hajiya na can ciki hankalinta a tashe.

Da aka buɗe, Hajiya ta taho da kanta, ta rusuna ta gaishe da Malam. Ba ta ambaci lokaci ba, ta dai dubi agogonta sau ɗaya, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce tunda ɗalibai ba su watse ba, a ajiye bencin a filin, masu zama a kai su gani. Kafinta ya durƙusa, ya zura ƙafafu cikin ramukansu, ya ɗora allon zama, ya ɗora na rubutu. Komai ya zauna daram kamar an haife shi a haka. Ya sa hannu a aljihu zai fito da kusoshi, ya miƙa ɗaya hannun ga guduma. Darakta ya riga shi, ya jefa gudumar cikin jaka mai zif, ya ja zif, ya ja kunne.

Hajiya ta zagaya bencin. Ta shafa gefen, ta duba ko akwai tsinin da zai yagi riga, ba ta samu ba. Ta leƙa inda ake sa littattafai. Ta miƙe.

“Malam ya ba ni maganarsa, na kuma ga aiki. Na yarda. A kawo ɗari da ashirin.”

Duka-duka abin bai kai minti biyu ba. Malam ya yi hamdala a zuci, ya gyara hula zai yi sallama. Kafinta har ya buɗe baki zai yi godiya. Sai aka ji ƙarar takarda. Darakta ne ke buɗe kundi, gaba, baya, ya leƙa har shafin da ke kife. Shafi sittin da huɗu, babu inda aka ce ga abin yi in mai saye ya yarda.

“Ranki ya daɗe, ba a zo nan ba tukuna,” in ji shi. “Ai ba ki ƙi ba.”

Hajiya ta ce ba ta da niyyar ƙi. Darakta ya ce ba komai, zai taimaka mata. Ya gyara kwat, ya fuskanci ɗalibai ɗari huɗu da malamansu, ya ɗaga murya. Ya ce ya san abin da ke ranta: za ta ce ya yi tsada, tunda akwai wani kafinta a bayan tasha da ke yin irinsa a rabin kuɗin. Hajiya ta ce ba ta san da shi ba. Ta juya ta ce wa mataimakiyarta ta rubuta, bayan tasha. Darakta ya ce madalla, ƙi na farko ke nan.

Malam ya yi gyaran murya irin wadda a da take tsayar da aji uku a lokaci guda. Darakta ya ja kunne ya ci gaba. Ya ce na biyu, za ta ce ba zai gama a kan lokaci ba, tunda shi kaɗai ne, ba shi da injin yanka, shagon ma saura ƙiris ya rufe ya koma gadi. Kafinta ya sunkuyar da kai. Maigadi ya dube shi da idon abokin hamayya. Hajiya ta dubi Malam, Malam ya dubi tutar makaranta.

Na uku, in ji Darakta, za ta ce ba shi da ƙarfi. A nan ne kuma kundi ya tanadi mataki na talatin da takwas, wato hujjar gani da ido. Ya ɗora ƙafa a kan benci.

“Yaya, kusoshin...” in ji Kafinta yana duban Malam, maganarsa ta farko tun safe.

“Sauko,” in ji Malam.

“Malam, doka ta huɗu ta haɗa da kai.”

Ya haye allon zama, daga nan ya haye na rubutu, ya tsaya ƙiƙam, hannu ɗaya riƙe da kundi, ɗaya riƙe da kunne. A yi wa Kafinta adalci: bencin da babu kusa ko ɗaya a jikinsa ya ɗauki ƙato mai kwat bai ce uffan ba. Da Darakta ya sauko a lokacin, da an yi ciniki har da tafi. Amma kundi ya ce a yi tsalle sau uku. Ya ce yara su ƙirga. Yara kuwa abin nema ya samu.

Suka ce ɗaya. Benci ya yi ƙara. Suka ce biyu. Ƙafar hagu ta leƙo daga raminta. Ukun ba su ƙarasa ta ba. Ƙafafu suka yi gabas da yamma, allon rubutu ya tashi, Darakta ya sauka a zaune cikin katakai, kwat ta tsage daga wuya har ƙasa da ƙarar da aka ji a ajin ƙarshe. Bangon kundi ya ɓalle, iska ta kwashi matakai arba'in ta raba wa 'yan aji ɗaya. Dariyar yara ɗari huɗu ba abin da za a kwatanta ba ne. Malamai suka juya baya, kafaɗu na rawa. Iyayen nan biyar da ke bakin ƙofa kuwa ba su juya ba, har da mai ɗaga waya.

Kafinta ya matso. Ya ɗauki jaka mai zif, ya fito da gudumarsa, ya ɗage ƙafar Darakta daga kan allon zama kamar mai kawar da reshe, ya juye kusoshi daga aljihu. Minti tara Malam ya ƙirga. Da Kafinta ya gama haɗa bencin ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

“Yanzu a hau.”

Manyan ɗalibai shida suka hau, suka yi tsalle har aka gaji da ƙirga. Benci ko gezau.

Hajiya ta ja Malam gefe, ta yi magana a hankali. Ta ce aiki ta gani, ba ta da shakka. Amma iyaye sun ga benci ya watse, kuma kafin azahar duk unguwa za ta gani a waya. Ga shi yanzu an sanar da ita akwai na bayan tasha, dole ta je ta duba, amanar kuɗin makaranta ce a hannunta.

“Malam, kai ka koya mana: wanda ya faɗi jarrabawa sai ya maimaita aji, ko ɗan wane ne. A kawo ashirin, su yi zango ɗaya. In sun kai, sai mu yi maganar sauran. Amma don Allah kada a zo da mai kwat.”

Malam ya so ya ce wannan dokar yara aka yi wa ita. Ya tuna sau nawa iyaye suka gaya masa haka bai saurara ba. Ya ce ta yi daidai.

Ɗari da ashirin suka koma ashirin. Shagon Kafinta bai rufe ba, amma bai buɗe duka ba, ƙyaure ɗaya ne a buɗe.

A ranar Malam ya ɗauki doguwar takarda ya rubuta buƙatu huɗu, ya ja layi a ƙarƙashin kowace: a kankare fenti daga allonsa, a ɗinke masa kwat, a cire sunansa daga kwafi talatin, a kuma kawo masa wasiƙar ban haƙuri da hannun Darakta, ranar Litinin ƙarfe takwas saura kwata, ya duba ta kafin a kai wa Hajiya. Matarsa ta ce a yi haƙuri, yaro ne. Malam ya ce yaron da ya shekara arba'in da uku.

Tela ya duba kwat ya ce ba ɗinki take nema ba, addu'a take nema. Allo ya kankaru har da baƙinsa, ya koma katako. Sunan kuwa Malam bai jira kowa ba, ya bi gida gida da jan biro, yana soke shi, yana sa hannu da kwanan wata a gefe kamar yadda ya saba yi wa kowane gyara. Sai da ya kai na ashirin da tara mai aski ya gaya masa gaskiya: Darakta yana nan kullum a shagonsa da ƙafa a naɗe, yana ba da labarin yadda ya ciyo kwangilar benci ashirin a kasuwar da ta gagari manya, ya ƙara sabon babi mai suna Faɗuwar Dabara, ya kuma sake buga hamsin, don yanzu mutane kwafi mai ɗauke da sa hannun Malam suke nema.

Ranar Litinin Malam ya sa kujera a bakin ƙofa tun bakwai da rabi, agogo a hannu. Takwas saura kwata ta yi, ya tashi ya sa sakata. Takwas da minti biyar daidai aka ƙwanƙwasa. Darakta ne, da sanda, da wasiƙa, da mai aski da tela a bayansa don su shaida. Ya ce ya zo a yafe masa.

“Ban yafe ba,” in ji Malam daga ciki.

Sai ya ji ƙarar buɗe takarda, ya kuma ji muryar Darakta ƙasa-ƙasa, cike da natsuwa, yana gaya wa mai aski:

“Kun gani ko? Ƙi na farko ke nan. Saura biyu.”